Kisan Birnin Ƙwanni na 1899 da Alamomin da Zamanin Yankan Iyaka Ya Bari

A farkon watan Mayu na shekarar 1899 wata rundunar Faransa, ƙarƙashin Kaftin Paul Voulet da Kaftin Julien Chanoine, ta faɗa wa Birnin Ƙwanni, ta buɗe masa wuta da igwa, ta karkashe mutanensa, ta ƙone shi. Masana tarihi suna lissafa wannan ɓarna cikin mafi muni da aka yi a duk tsawon mamayar Faransa a Afirka ta Yamma. Ta auku ne a tsakanin 1890 da 1908, shekarun da Ingila da Faransa suka yi suna ja-in-ja kan inda iyakarsu za ta bi daga kogin Kwara zuwa tafkin Cadi. A lokacin sarautun ƙasa ba su faɗi ba tukuna, mulkin Turawa kuma bai kafu ba, saboda haka duk hafsan da ya shigo da bindigogi shi ne alƙali, shi ne kuma hauni. Zamanin ya bar alamomi a ƙasa: kaburbura, turakan iyaka, sunayen barikoki da na tituna. Akwai kuma waɗanda suka mutu ba a kafa musu kome ba, su ne kuwa suka fi yawa.

Ƙwanni tsohon garin Hausa ne da ke bakin kwarin Majiya, wanda ruwansa yake gangarowa daga duwatsun Adar, ya ratsa ta Galmi da Tsarnawa, ya ƙare a tafkin Kalmalo cikin Nijeriya ta yau. Ƙasa ce mai dausayi da rijiyoyi marasa zurfi, abin da ya sa ta tara manoma da makiyaya da fatake tun da daɗewa. A nan Torankawa, zuriyar Musa Jakollo, suka zauna shekaru aru-aru bayan tasowarsu daga Futa Toro, kuma daga cikinsu aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754 a Marata, kusa da Galmi, cikin gundumar Malbaza ta yanzu. A 1804, tun kafin yaƙin Tafkin Kwato, jama'ar Shehu suka ci Matankari da Ƙwanni, daga nan garin ya shiga ƙarƙashin Sakkwato, wadda tsakaninsu bai kai kilomita 100 ba. Arewa da shi akwai ƙasar Adar, wadda Sarkinta, daga zuriyar Agabba ɗan Sarkin Agadas, yake zaune a Illela, ga kuma Abzinawan Kel Geres da suka yi ƙarfi a yankin cikin ƙarni na 19. Dab da garin akwai Masalata, cibiyar Azna masu arwa. A ƙarshen ƙarnin Ƙwanni birni ne mai ganuwa da kasuwa, mutanensa sun kai dubbai.

Yankan iyakar kuwa a kan takarda aka fara shi, a can Turai. Ranar 5 ga Agusta 1890 ƙasashen biyu suka amince da wani layi daga Sayi, a bakin Kwara, zuwa Barwa, a bakin Cadi, da sharaɗin duk abin da yake na daular Sakkwato ya zama rabon Ingila. Babu wanda ya san inda daular ta tsaya, don haka gardama ta ci gaba har 14 ga Yuni 1898, ranar da aka sake yarjejeniya a Paris. A wannan karon sai aka ɗora tsinin kamfas a tsakiyar birnin Sakkwato, aka zana baka mai nisan mil 100, wato kimanin kilomita 160, aka ce abin da ya faɗo ciki na Ingila ne. Ƙwanni da kwarin Majiya suka faɗo ciki. Ba a tuntuɓi Sarkin Musulmi Abdurrahman ba, balle Sarkin Ƙwanni. Illar wannan zane ga Faransa ita ce, ya tura ta arewa, cikin ƙasa mai ƙarancin rijiyoyi, ya bar wa Ingila hanyar ruwa da hatsi. Wannan kuskuren masu zanen taswira yana da hannu a abin da ya sami Ƙwanni bayan wata goma sha ɗaya.

A shekarar ce kuma Faransa ta sha kunya a Fashoda, a bakin kogin Nilu, inda Ingila ta tilasta mata janyewa. Hankalinta kuma yana kan tafkin Cadi, ta shirya runduna uku su haɗu a can: ɗaya daga Aljeriya ƙarƙashin Foureau da Lamy, ɗaya daga Kwango ƙarƙashin Gentil, ta uku daga yamma, wadda aka danƙa wa Voulet. Shi da Chanoine ba baƙin zubar da jini ba ne, domin su suka ci Wagadugu a 1896, kuma labarin yadda suka yi da mutanen Mosi ba ɓoyayye ba ne ga manyansu. Chanoine ɗan Janar Jules Chanoine ne, wanda ya riƙe ministan yaƙi a 1898, abin da ya ƙara musu ɗaurin gindi.

Tsarin rundunar shi ne tushen ɓarnar. Turawa tara ne kawai a cikinta. Sojojin albashi 'yan kaɗan ne, sauran ɗaruruwan mayaƙa an ɗebo su ne daga ƙasashen Bambara da Mosi, ladansu kuwa ganima ce, wato dabbobi da bayi. Ga 'yan dako kimanin 800 da aka kamo da ƙarfi, ga mata da ake ƙarawa a kowane gari da aka ci. Kuɗin da gwamnati ta bayar ba su isa ciyar da irin wannan taro ba, kuma kowa ya sani. Ayarin da ya doshi mutum dubu biyu, da shanu da raƙuma da dawaki, yana shanye rijiyar ƙauye cikin yini ɗaya, yana kwashe rumbunansa a dare ɗaya. Garin da ya ba da abin da aka nema ya tsiyace, wanda ya hana an ƙone shi, wanda mutanensa suka gudu ma an ƙone shi don wai sun nuna gaba. Ɗan dakon da ya gaza ko ya yi yunƙurin gudu, kisa ne hukuncinsa. Jagoran da ya ɓatar da hanya, rataya. An ruwaito cewa soja yakan kawo yankakken hannu don ya nuna bai yi asarar harsashi a banza ba. Babu shari'a, babu ko kamanta shari'a.

A watan Janairu 1899 aka fara gani a Sansanin Hausa, a bakin Kwara, inda aka kashe mutum 101, har da mata da yara. Ba da jimawa ba Laftana Peteau ya saɓa da Voulet, ya bar rundunar, ya rubuta wa budurwarsa a Faransa wasiƙa yana zayyana abin da ya gani. Wasiƙar ta kai hannun 'yan siyasa, ta isa ga gwamnati. A watan Afirilu aka umarci Laftana-Kanar Klobb, wanda ya taɓa riƙe Tumbutu, ya bi sawun rundunar, in ya tarar da gaskiya ce ya karɓe ragama. Ya tashi da Laftana Meynier da 'yan sojoji kaɗan.

Kafin nan rundunar ta shiga ƙasar Arewa. Ranar 16 ga Afirilu ta yi karo da Aznan Lugu, mutanen Sarauniya Mangu, waɗanda suka shige cikin ƙurmi suka yi ta ruwan kibau masu dafi. An kashe wa Voulet sojoji huɗu, an raunata shida, shi kuma ya ƙone garin. Daga yankin Matankari aka gwada hanyar arewa, wadda yarjejeniya ta halatta, aka tarar ba ruwa, aka juyo. Nan Voulet ya yanke shawarar ratsa bakan nan na mil 100, ya bi ta ƙasar da gwamnatinsa ta sa hannu cewa rabon Ingila ce. Ingila ba ta da ko soja ɗaya a wurin, domin sai a watan Maris na 1903 ta ci Sakkwato. Hanyar da ya zaɓa ta bi ta kan Ƙwanni.

Ganuwar ƙasa tana tare doki da kibiya, amma ba ta tare igwa. Laftana Joalland, mai kula da igwar rundunar, shi ya yi ta harba ta cikin birnin, sannan sojoji suka kutsa, mahaya kuma suka bi waɗanda suka fita ta ƙofofi suna gudu. Ƙiyasin da ke rubuce ya kama daga ɗaruruwan mutane zuwa sama da dubu, labarin baka na Ƙwannawa kuwa dubbai yake faɗi. Gawawwaki sun yi yawan da sai a manyan ramuka aka zuba su. Aka kama mata masu yawa aka raba wa mayaƙa, aka kore dawaki da shanu. Waɗanda suka tsira suka watsu cikin daji da ƙauyuka, da yawa suka nufi kudu wajen 'yan'uwansu na ƙasar Sakkwato. Rundunar ta yi kwanaki a kan kufan tana ci daga rumbunan garin, ana gab da faɗuwar damina, lokacin da hatsin da ya rage a rumbu shi ne abinci, shi ne kuma iri. Mutuwar da yunwa ta jawo daga baya ba ta shiga lissafin kowa ba.

Daga Ƙwanni aka yi gabas, ta ƙasar Gobir da Tibiri da Maraɗi zuwa yankin Tasawa. Klobb yana biye, ba ya ko bukatar jagora, domin ƙonannun garuruwa sun ishe shi alama. A littafin da yake rubuta abubuwan yau da kullum ya ambaci rijiyoyin da aka cika da gawa, da mutanen da aka rataye a bisa itatuwa, har da 'yan mata ƙanana. Ranar 14 ga Yuli, ranar bikin ƙasar Faransa, ya cim ma Voulet a Dankori. Klobb ya hana mutanensa harbi, Voulet ya ba nasa umarni, aka harbe Kanar, aka raunata Meynier. Daga nan Voulet ya shaida wa hafsoshinsa cewa ya fita daga Faransanci, zai kafa daular kansa. Sojojin da ya ɗebo daga yamma suka gane ba za su sake ganin gida ba, sai ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya: suka harbe Chanoine ranar 16 ga Yuli, Voulet kuma washegari, a Maijirgi. Laftana Pallier ya karɓi rundunar, ya fasa mayaƙan Damagaram a Tirmini, ya shiga Zindar a ƙarshen watan, daga baya aka kashe Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga. Joalland da Meynier suka ƙarasa Cadi, inda rundunonin uku suka haɗu suka kashe Rabe, wanda ke mulkin Barno, a Kuseri ranar 22 ga Afirilu 1900.

Yadda Paris ta ɗauki zancen shi ya tsara irin tunawar da aka yi daga baya. Abin da ya girgiza jaridu shi ne hafsan Faransa ya harbe Kanar na Faransa. Ƙasar tana cikin rikicin shari'ar wani hafsan soja mai suna Dreyfus, Janar Chanoine kuma yana cikin manyan sojojin da ake zargi da rufa-rufa a wannan shari'a, don haka kowane ɓangare ya mai da labarin makamin siyasa. Ɗan majalisa Paul Vigné d'Octon ya nemi a kafa kwamitin bincike a 1900, majalisa ta ƙi. Binciken da ma'aikatar mulkin mallaka ta yi an rufe shi a 1902, aka jingina laifin ga taɓin hankalin da wai zafin ranar Sudan yake jawo wa Bature. Wannan bayani bai da ƙarfi. Mutum biyu ba su isa su kashe dubbai su kaɗai ba, sauran hafsoshin suna nan aka yi na Sansanin Hausa da na Ƙwanni, ba a hukunta ko ɗaya daga cikinsu ba, Joalland ma har Janar ya kai. Ƙasar da aka ci ta wannan hanya kuwa ba a mayar ba, ita ce ta zama yankin soja na uku a 1900, ta zama mallakar Nijar a 1922.

Alamomin farko da aka kafa a ƙasar Ƙwanni bayan ɓarnar su ne turakan iyaka. Faransawa sun yi shekaru suna wahala a hanyar Filinge da Tawa zuwa Zindar saboda ƙishirwa, suna kuka da bakan nan na 1898. A yarjejeniyar 8 ga Afirilu 1904 Ingila ta yarda ta ja da baya, a madadin wasu haƙƙoƙin kamun kifi da Faransa ta saki a gaɓar tsibirin Newfoundland, cikin Kanada ta yau, sannan aka daidaita layin a yarjejeniyar 29 ga Mayu 1906. Da haka Ƙwanni, da kwarin Majiya, da Tibiri da Maraɗi suka koma hannun Faransa. Daga 1906 zuwa 1908 Kaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi layin da ƙafa, suka kafa alamomi 148 daga Kwara zuwa Cadi, kowace da lambarta, aka tabbatar da aikin a 1910. Layin ya ratsa 'yan kilomitoci kaɗan kudu da Ƙwanni, ya raba ta da Sakkwato da Gwadabawa. Shi ya sa yau ake da Illela biyu a bakin mutanen yankin: ta Nijeriya, wadda kasuwarta take kallon Ƙwanni, da ta Adar a can arewa. Garin da aka ƙone yana rabon Ingila, sai ga shi an miƙa shi ga waɗanda suka ƙone shi, suka kafa bariki a cikinsa, suka shiga karɓar haraji daga waɗanda suka dawo.

Alama ta biyu ita ce kaburburan Maijirgi, gabas da Tasawa, a kan hanyar da ta zama babbar hanyar ƙasa mai lamba 1. An gina wa Voulet da Chanoine kaburbura irin na Turawa, an ɗauki hotonsu tun farkon ƙarni na 20, kuma har yau matafiya suna tsayawa su gani. A 1923 wani matashin jami'in mulki da ke Tasawa, Robert Delavignette, ya sa aka tone su, aka tarar ba kowa a ciki. Wannan ya haifar da tatsuniyoyi iri-iri, har da mai cewa Voulet bai mutu ba, ya shige cikin Abzinawa. Marubutan Faransa sun ɓata tawada mai yawa a kan wannan tambaya, fiye da wadda suka ɓata a kan mutanen da ke cikin ramukan Ƙwanni. Sauran alamomin zamanin duk haka suke, sunayen hafsoshi ne. Barikin Zindar an raɗa masa sunan Kaftin Cazemajou, wanda aka kashe a garin a 1898. Babban birnin Cadi ya amsa sunan Lamy har 1973, kafin ya koma Njamena. A Yamai an sassaƙa hoton Monteil, hafsan da ya ratsa Sakkwato da Kano zuwa Kukawa a 1891 da 1892, a jikin wani gini na dutse.

Dalilin da ya sa mamatan Ƙwanni ba su sami irin wannan ba, biyu ne. Na farko a fili yake: sama da shekara hamsin ana ƙarƙashin kwamandan Faransa, sarakuna da izninsa suke hawa, da fushinsa suke sauka, babu mai tayar da zancen a bainar jama'a. Na biyu ya shafi al'adar mutanen kansu. Musulmin ƙasar Hausa ba su saba gina kabari ko rubuta suna a kansa ba. Tudun ƙasa ne da 'yan itace ko fasassun tukwane, bayan 'yan damuna ya baje. Wuraren da ake ginawa a ziyarta na waliyyai ne da shugabanni, kamar Hubbaren Shehu a Sakkwato. Tunawa da masifa kuwa a baki take zama. Kaka tana gaya wa jika inda aka ɓoye ta, gidaje suna riƙe da sunan wanda aka tafi da ita ba ta dawo ba, maroƙa suna saƙa abin cikin kirarin sarauta, tsofaffi suna ƙidaya shekarunsu daga zuwan Nasara kamar yadda suke ƙidayawa daga wata babbar yunwa. Kufai ma shaida ne, domin duk ɗan gari ya san wurin da aka taɓa zama aka tashi. Irin wannan ajiya tana da ƙarfi muddin masu ita suna raye kuma gari bai canja ba. Amma Ƙwanni ta yau babbar mahada ce ta manyan motoci da kasuwancin iyaka, ta cika da baƙi, gine-gine sun haye wuraren da dā bayan gari ne.

Akwai makamancin wannan a tsallaken iyaka. A watan Maris na 1906 sojojin Ingila da mayaƙan Sakkwato suka shafe garin Satiru, kudu da Sakkwato, bayan mutanensa sun kashe Turawa uku, aka hallaka mutum wajen dubu biyu, aka hana sake zama a wurin. Sunayen Turawan ukun suna cikin kowane littafi da ya taɓo zancen, Satirawa kuwa adadi ne kawai.

Bayan samun 'yancin kai a 1960 zancen bai fito nan da nan ba, saboda gwamnatin Diori Hamani tana ɗasawa da Faransa. Wanda ya fito da shi fili shi ne Abdoulaye Mamani, marubuci kuma ɗan jam'iyyar Sawaba da ya sha gudun hijira da kurkuku, a littafinsa Sarraounia na 1980. Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mai da littafin fim a 1986. A Burkina Faso aka ɗauki fim ɗin, ya kuma ci babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu a 1987. Daga nan sunan Sarauniya ya bazu. Akwai makarantar sakandare mai sunanta a Doso, akwai gidan rediyo da talabijin a Yamai, kuma a 2006 Nijar ta sa Lugu cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Sai dai littafin ƙagaggen labari ne, ya ƙara wa yaƙin Lugu girma fiye da yadda takardun lokacin da labarin mutanen Lugu kansu suka nuna. Ƙasa sabuwa tana son gwarzo, Lugu kuwa ta ba da gwarzuwa mai suna da fuska. Ƙwanni, inda aka fi zubar da jini, ba ta da irin wannan labari mai daɗin faɗi, don haka ta zauna a gefe. A fagen bincike kuwa, Muriel Mathieu ta fitar da littafi a kan rundunar a 1995 daga takardun ajiyar Faransa, Bertrand Taithe kuma ya fitar da nasa da Ingilishi a 2009.

Sabon motsi ya zo da fim ɗin African Apocalypse na 2020, wanda Rob Lemkin ya shirya tare da Femi Nylander. Masu fim ɗin sun bi sawun rundunar gari-gari, har Ƙwanni, suka ɗauki muryoyin jikokin waɗanda abin ya shafa, daga baya aka juya shi zuwa Hausa aka nuna a Nijar da arewacin Nijeriya. A karon farko abin da ake faɗi a zaure ya fito a majigi da bakin masu shi. A 2021 wakilan wasu al'ummomin da rundunar ta ratsa suka kai kokensu ga jami'in Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da gaskiya da adalci da biyan diyya, ta hannun lauya Jelia Sané. Abin da suka nema shi ne Faransa ta amsa laifi, ta buɗe takardun da ke ajiye a ƙasarta, musamman a Aix-en-Provence, ta kuma mayar da kayan da aka kwashe. Cikin ƙorafinsu har da wannan: kaburburan sojojin suna nan a garuruwansu, waɗanda aka kashe kuwa ba a taɓa kafa musu abin tunawa ba. A 2025 mai riƙe da muƙamin a lokacin, Bernard Duhaime, ya rubuta wa gwamnatin Faransa. Amsarta ita ce a shirye take ta tattauna da hukumomin Nijar kan binciken asalin kayan tarihi, amma dokokin duniya na yanzu ba sa hawa kan abin da ya faru kafin a kafa su. Ba ta amsa laifi ba.

A wasu ƙasashe an riga an bi wannan hanya. A Amurka, inda gungun fararen fata suka yi ta rataye baƙaƙe ba tare da shari'a ba, wata ƙungiyar lauyoyi ta tattara kisa sama da 4,400 da aka yi tsakanin 1877 da 1950, ta buɗe wurin tunawa a Montgomery cikin 2018, tana kuma taimaka wa garuruwa su kafa alluna a daidai inda aka yi kisan. Jamus ta amsa a 2021 cewa abin da ta yi wa Herero da Nama a Namibiya kisan ƙare dangi ne. A 2024 shugaban Faransa ya amince cewa harbin da aka yi wa sojojin Afirka a Thiaroye ta Senegal a 1944 kisan gilla ne. A Montgomery aikin ya yiwu ne domin jaridu da kotuna sun bar sunaye da ranaku. A Ƙwanni waɗanda suka yi kisan ba su rubuta sunan kowa ba, sunayen da suka rage suna cikin gidaje ne, a bakin tsofaffin da suka ji daga iyayensu da kakanninsu.

Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya sauya yanayin siyasar zancen baki ɗaya. Hukumomin soja sun sallami sojojin Faransa da jakadanta, suka ƙirƙiro lambar girma mai sunan Sarauniya Mangu. Ranar 15 ga Oktoba 2024 aka sauya sunayen wurare a Yamai: titin de Gaulle ya koma na Djibo Bakary, jagoran Sawaba, aka maye hoton Monteil da na Thomas Sankara, ginin tunawa da sojojin yaƙin duniya kuma aka sa masa suna Bubandey Batama, aka ce na duk waɗanda suka rasa rayukansu ne tun daga zuwan Turawa har yau. Duk waɗannan a babban birni aka yi su, nisan kilomita sama da 400 daga Ƙwanni, kuma sauya suna ya fi tattara tarihi sauƙi. Aikin da ya rage na yankin ne kansa: a ɗauki bayanan gidajen Ƙwanni da ƙauyukan Majiya, a tantance wuraren ramukan kafin gini ya rufe su, a gwama da takardun Aix-en-Provence da na Yamai. Waɗanda suka ga abin da idonsu duk sun rasu, masu riƙe da labarin a yau jikoki ne da tattaɓa-kunne.